Jirgin Baba Bitrus Mai Karkatacciyar Tukunya

Shekaranjiya wasu samari biyu suka tsaya bakin rumfata a kan babur, ko kashe shi ba su yi ba. Ɗaya ya leƙo ya ga ƙaramin jirgin ƙasan da nake ɗaura wa ƙafa, ya zunguri ɗan'uwansa ya ce, "Ka ga tsoho yana wasan yara." Ɗayan ya ce wai shi ma ya yi irinsa da gwangwanin madara da murfin kwalba tun yana firamare. Na ce, "Sannunku da aiki, injiniyoyi." Suka ja babur suka yi gaba. To tunda ba su tsaya sun ji ba, ku da kuke zaune a bencina kuna cinye mini gyaɗa, ku za ku ji ku kai musu.

Ni ne Habu, nan Kura an fi sanina da Habu Mazurari. Yau jirage nake ƙerawa, masu tafiya da wuta da ruwa kamar na gaske, tsawonsu kamu ɗaya da ɗan ɗori. Masu sayensu kuwa ba yara ba ne. Manyan mutane ne masu furfura da tumbi, daga Abuja da Legas, har da wani likita a ƙasar waje. Sai mutum ya dawo daga ofis ya tuɓe babbar riga, ya kwanta rub da ciki a kan kafet yana kallon jirgi yana zagaya falo, matarsa tana tsallake shi da faranti. Ni dai ban ce komai ba, Allah ya ƙara musu lafiyar gwiwa. Amma kafin in kai nan sai da na yi wani kuskure da har gobe yake ci mini rai, kuma ba rashin iya aiki ne ya ja mini shi ba. Iyawar ce ta ja.

Mazurarin farko da na yi, ina ɗan shekara goma sha uku ne a rumfar maigidana Ɗan'azumi, Allah ya ji ƙansa. Kwana uku na yi a kansa. Na yanka gwangwani da almakashi, na naɗe, na liƙe da dalma, na goge da toka har yana ɗaukar ido. Na kai masa ina washe baki. Ya ɗaga shi sama, ya rufe ido ɗaya ya duba, sai ya miƙe ya taka har bakin kanal ɗin ban-ruwa ya jefa shi a ruwa. Ya dawo ya zauna ya ce, "Bakinsa ya karkace, Bunkure yake kallo." Ranar da aka yashe kanal ɗin nan sosai, za a tsinci mazuraraina sun fi arba'in. Shekara bakwai na yi a hannunsa, na fito da doka biyu da suka zame mini kamar karatun sallah. Ta farko, karkataccen abu ba ya fita daga rumfa. Ta biyu, ba a nuna wa mai kaya aiki sai an gama, domin a faɗarsa, mai kaya in ya ga aiki yana rabi sai ya zama shi ne maigida.

Daga gwangwani na koma gyaran injin ban-ruwa, don shi ne abincin garin nan. Ina cikin rufin asirina sai ga shekarar da tsutsa ta faɗa wa tumatir. Ku da yawanku kun tuna. Daga Kadawa har Bunkure gonaki suka yi kamar an bi su da wuta. Wanda gonarsa ta mutu me zai ba ruwa? Injuna suka kwanta, ni ma na kwanta tare da su. Tumatir ya zama abin da ake zuwa gani. Matata Hajara ta riƙa yin miya da karas da manja tana cewa ja dai ja ne, wanda bai yarda ba ya ci gaya.

A wannan zaman kashe wandon ne Baba Bitrus ya zo rumfata da wata doguwar takarda a naɗe cikin leda. Mutumin kudancin Kaduna ne, tsohon makaniken kan jirgi a reluwe. Da ya yi ritaya sai ya dawo wajen 'yarsa Rahila, wadda ita da mijinta suke da injin casar shinkafa a hanyar Bunkure. Ya zauna ya shimfiɗa takardar a kan bencin nan da kuke kai, ya danne gefenta da gudumata.

Ya ce, "Malam Habu, an ce babu mai miƙaƙƙen hannu kamarka a garin nan."

Na ce, "Baba, wanda ya faɗa bai yi ƙarya ba."

Ya ce, "To ga aiki. Shekara talatin ina gyaran jirage, ban taɓa ganin irin wannan da idona ba. A jikin kalanda na gan shi a ofishin ubangidanmu, tun ina saurayi. Jikana ne ya nemo mini zanen a waya ya bugo. Ina so ka yi mini ƙaraminsa, mai tafiya."

Na ce, "Sai yaushe?"

Ya nuna fuskarsa ya ce, "Idon dama ya riga ya tafi. Na hagu ma likita ya ce yana haɗa kaya. Abin da ya wuce tsawon hannuna hayaƙi nake gani. Ina so in gan shi yana tafiya kafin ruwa ya sauka."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wata uku ya yi yawa.

Bari in gaya muku yadda jirgin yake, don ku daina haɗa shi da gwangwanin madara. Jirgin ƙasan da kuka sani, tururi ke tura sanda, sanda ta juya ƙafa kai tsaye, shi ya sa yake gudu. Wannan ba haka yake ba. Injinsa a tsaye yake a gefen dama, fistin uku suna hawa suna sauka, suna juya wata doguwar sanda da ta bi tsawon jirgin ta gefe. A jikin sandar akwai ƙananan giya, wato faya-fayan ƙarfe masu haƙora, haƙoransu suna cizon haƙoran da ke jikin ƙafafun. Baba ya ce a can ƙasashen duwatsu aka yi shi don jan gungumen itace, inda hanya take hawa tana lanƙwasa. Ba ya gudu ko kaɗan, amma babu tudun da yake jin tsoro. Dokar aikin kuma ɗaya ce: duk abin da ke jikin babban, a raba da ashirin. Ƙofa a raba da ashirin, ƙusa a raba da ashirin, har ƙugiyar da direba yake rataye butar shayinsa sai da Baba ya sa na raba da ashirin.

Giyar farko da na yanka, daga tagullar wani mataccen famfo na fitar da ita. Faɗinta bai wuce bakin kofin shayi ba, amma haƙori arba'in take so, kowanne a ɗan jirkice kamar kifi a faranti. Babu inji, magagari ne kawai, siriri kamar tsinken tsire. Na ci kwana shida ina goga. Ina kan na talatin da takwas akuyar maƙwabci ta tunkuɗi benci, magagari ya zame ya cinye haƙori ɗaya. Shi ke nan, sai sabon lale. Irin wannan guda huɗu ake so, da ƙananansu huɗu. Ni da haƙori goma sha ɗaya ne ya rage a bakina, na zauna ina yi wa ƙarfe ɗari biyu da ɗoriya. Tukunyar ruwan kuwa da bututun jan ƙarfe mai kauri na yi ta, kuma ba a liƙe ta da dalma, don wuta na taɓa ta za ta narke ta yi maka wanka da tafasasshen ruwa. Mariƙin hannu na direba, da ƙarfen lemar Hajara na yi shi. Har yau tana zaton ɓera ne ya ja lemar.

Ranar da na zo ɗora tukunya a kan gangar jikin, na buɗe zanen da ke nuna jirgin ta gaba. Na duba, na sake dubawa. Na rufe ido ɗaya kamar yadda maigidana yake yi. Tukunyar ba a tsakiya take ba. Ta goce hagu, fili, ko makaho ya shafa zai ji. Na sa ma'auni, haka ne. Na yi dariya ni kaɗai na ce ashe Bature ma hannunsa yana rawa. Ko kuma injin da ya bugo takardar ne ya ja ta gefe, ai na ga yadda suke yi wa katin biki, ango ya fito da kai kamar gwanda. Na ce a raina wannan tsoho idonsa bai kai ya ga ɓarnar ba, bari in rufa wa mai zanen asiri. Na ɗora tukunya a tsakiya cif, na auna hagu na auna dama, ko gashi ba zai wuce ba. Ranar har tsire na saya wa kaina.

Duk Litinin Baba yakan zo, jikan nasa ko Rahila ke sauke shi a Keke Napep. Ina jin tsayuwarsu sai in rufe aikin da buhu.

Yakan ce, "Malam Habu, bari dai in ɗan shafa."

In ce, "Baba, ba a haka a rumfar nan. Ranar da aka gama ka shafa har ka gaji."

Yakan yi dariya ya ce, "Mu a reluwe kowa yana leƙa aikin kowa."

In ce, "Shi ya sa jirginku ba ya zuwa a kan lokaci."

Sai ya koma gida ya ci gaba da nasa aikin, wato shimfiɗa layin dogo a bayan injin casa. Shi da surukinsa suka yi shi da ƙarfen taga, suka kafe a kan guntayen katako. Layin ya zagaye fangalin alayyahu, ya hau tudun buntun shinkafa da suka daddaɓe da ƙasa, sannan ya lanƙwasa ya hau wata 'yar gada a kan kwatar da ke shigo da ruwan kanal cikin gidan.

Ranar gwaji, wata Asabar bayan la'asar, wallahi ka ce rabon taki ake yi. Babu aikin gona, kowa ya zo kallo. Har da Alhaji Tanko dillalin tumatir, wanda a shekarar nan ba shi da sana'a sai tsokana. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu a naɗe cikin hankici, ya kwance a hankali. Tumatir ne guda ɗaya, ja jawur. Mutane suka matso suna leƙe kamar an fito da jariri. Ya ɗora shi a kan taragon da na haɗa wa jirgin, ya ce, "In ya ƙetare gadar can da wannan, na bar wa Baba. In bai ƙetare ba, Habu ya koma mazurari."

Baba ya ce kada a nuna masa shi a tsaye. Ya ce shekara arba'in yana ganinsa a tsaye a jikin takarda, yau a tafe yake so ya fara ganinsa. Ya sa Rahila ta ajiye masa kujera 'yar tsuguno a ƙarshen gadar, ya zauna ya kawo idon hagu daf da layin, yana jira.

Na zuba ruwa, na kunna wuta, muka jira tururi ya taru. Na murɗa. Jirgi ya ɗau ihu, fistin suna ta dambe, hayaƙi yana tashi, ƙara kamar zai tashi sama. Mutane suka ja da baya, wata mata ta ɗauke ɗanta. Sai ga shi yana tafiya kamar hawainiya mai ciwon baya. Aka fashe da dariya. Wata agwagwar Rahila ta zo ta wuce shi, ta waiwayo ta dube shi, ta ci gaba da harkarta. Alhaji Tanko ya ce, "Habu, in je in yi magariba in dawo, ko in haɗa da isha'i?" Amma da ya zo tudun buntu, sai ya haye ko tari bai yi ba, masu dariya suka fara raguwa. Ni kuwa ƙirjina ya cika rigata.

Ya iso kwanar da ke shiga gada. Na ga ƙafafun hagu sun ɗan ɗaga. Na ce idona ne. Suka ƙara ɗagawa. Sai jirgin nan ya kwanta ta dama a hankali, cikin natsuwa, kamar dattijo zai kishingiɗa, ya faɗa kwata. Ruwa ya yi cuu, tururi ya turnuƙe. Ƙarti huɗu suka yi tsalle cikin ruwan, na ce Allah sarki, ashe ina da masoya. Ashe tumatir suka bi. Suna ture juna cikin taɓo, agwagwar nan ta zo ta tsakaninsu ta cafke shi ta yi bayan injin casa, Alhaji Tanko ya tattare babbar riga ya rufa mata baya yana salati. Ni kaɗai na sa hannu na tsamo jirgi.

Duk wannan abu Baba yana nan a sunkuye, ido a kan layi. Taku biyu ya rage jirgin ya shigo inda yake gani. Ya ce, "Rahila, ƙarar ta tsaya. Ina yake?"

Na kai masa shi yana ɗigar taɓo, na ɗora masa a cinya. Ya bi shi da yatsu tun daga baya, ya zo kan haƙoran ya daɗe yana shafawa, ya ce, "Kai, wannan hannu." Sai ya zo gaba, ya dafa tukunyar da hannu biyu. Ya tsaya.

Ya ce, "Malam Habu, wa ya matsar da tukunyar?"

Na ce, "Ni ne, Baba. A zanen ta karkace, na gyara ta."

Ya ce, "Ka taɓa ganin mai ɗauke da bokitin ruwa a hannun dama yana tafiya a miƙe? Ai sai ya jirkice hagu. Injin nan da sandarsa da haƙoransa duk a dama suke. Tukunyar ce take rama nauyin."

Alhaji Tanko ya dawo yana haki, hannu wayam, ya ji ƙarshen maganar. Ya ce, "Ka ji irinta, garin neman gira an rasa ido." Bai gama rufe baki ba ya tuna gaban wa yake. Baba ne kawai ya yi dariya, ya ce, "Alhaji, saura ɗaya dai, bai gama tafiya ba." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har da ta mazurarin farko.

Zafaffen jan ƙarfe in ya faɗa ruwan sanyi ba ya yafewa. Tukunya ta tsage a wuri biyu, gangar jikin ta murɗe, yashi ya shiga tsakanin haƙora ya ci uku. Wata huɗu aikin ya sake ci. A wannan karon na ɗauki buhun da nake rufe aiki na ba Hajara ta zuba gawayi. Kullum Baba yana rumfata, duk abin da na goga sai na sa masa a hannu. Yakan ce nan da ɗan tudu, in duba in ga haka ne. Ranar da na ɗora sabuwar tukunya a gefen hagu, sai na riƙa jin kamar maigidana yana tsaye a bayana zai kai ni kanal. Na yi sauri iyakar saurina, Allah shi ne shaida. Amma wata rana da azahar, rana ƙwal a tsakiya, Baba ya ɗaga kai ya ce, "Hadari ne ya haɗo haka? Ku shigar da kaya." Na ajiye magagari, na gane idon hagun ma ya tafi. Na ce masa eh, amma da alama zai wuce.

Gwaji na biyu ma ranar Asabar muka yi shi, da hantsi, ba a gayyaci kowa ba. Alhaji Tanko ne kawai ya ji labari ya zo, da guntayen rake da ya yanka daidai wa daida, ya ce tunda jirgin jan gungume ne, ga gungume. Muka ɗaure su a tarago. Kafin in kunna wuta Baba ya shafa jirgin, ya dafa tukunya ya auna da yatsa hagu da dama.

Ya ce, "Yauwa. Yanzu ta karkace yadda ya kamata."

Na ce, "Baba, ka yafe mini. Da na bar ka ka shafa tun farko, da ka gan shi."

Ya ce, "Kunna wuta, Malam Habu, wa'azi sai gobe Lahadi."

Tururi ya taru, na murɗa, jirgi ya ɗau ihunsa. Rahila ta kawo kujera, Baba ya ce a mayar. Ya laluba ya ɗora yatsa biyu a kan raken da ke cikin taragon, ya sunkuya, Alhaji ya riƙe masa gwiwar hannu. Jirgi ya ja, Baba ya taka. Suka zagaye alayyahu tare, tsoho da jirgi, babu mai jiran wani. A kan tudun buntu ya ce, "Ji yadda yake cizo." Da suka zo kwana na zuba wa ƙafafun hagu ido. Ƙafa ko ɗaya ba ta ɗaga ba. Ƙarar ta canza da ya hau katakon gada, Baba ya ce, "Muna kan ruwa ke nan," ya tsallake kwatar da ƙafarsa, yatsunsa ba su bar raken ba.

Da suka sauka ɗaya gefen ya tsaya yana maida numfashi, jirgin ya ɗan zame daga hannunsa. Ya yi taku ɗaya ya kamo shi.

Ya ce, "Alhaji, kai ne mai cewa ba ya gudu ko?"

Alhaji ya ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Da mai gudu na ce a yi mini, da tuni ya tafi ya bar ni. Malam Habu, ƙara masa ruwa mu sake zagayowa."

Sau goma sha ɗaya muka zagaya a ranar. Rahila ta kira mu cin abinci har ta gaji ta rufe kwanon.